Bakteriyar da ke Cikin Kaki da Tsananin Ciwon Sistik Faibrosis

Tambaya: Ɗana yana da shekara 9, an haife shi da sistik faibrosis, ciwon gadon nan mai sa majina ta yi kauri a huhu. Shekara da shekaru gwajin kakinsa ba ya nuna komai sai Staphylococcus aureus. A wannan karon takardar ta fito da Pseudomonas aeruginosa, alhali yaron yana wasansa, tarinsa bai ƙaru ba, gwajin hura iska ma ya ba da kashi 92. Shin ciwon ne ya tsananta? Na kuma ji ana cewa mai nau'o'in bakteriya da yawa a huhu ya fi mai nau'i ɗaya lafiya. Ta yaya hakan zai yiwu?

Amsa: Malama, takardar da ke hannunki ba ta ce huhun yaron ya lalace ba. Cewa ta yi wani baƙo ya shigo, kuma irin baƙon nan ne da ake sallama tun bai sauke kaya ba. Kashi 92 sakamako ne mai kyau, amma kada kyawunsa ya sa a yi jinkiri. Pseudomonas da aka gani karon farko ana fara masa magani nan take ko da yaro yana tsalle-tsallensa, domin a wannan matakin ne ake da kyakkyawan zaton fitar da shi gaba ɗaya. Sunayen ƙwayoyin cuta da na magunguna zan bar su yadda za ki gan su a takardar asibiti, don ki gane su idan kin ci karo da su.

Bari mu fara da dalilin da ya sa huhun mai wannan ciwo ke tara bakteriya. A jikin bututun iska akwai wani siririn ruwa, a samansa majina, a cikinsa kuma ƙananan gashi da ke kaɗawa ba dare ba rana suna tura majinar zuwa maƙogwaro tare da ƙura da ƙwayoyin cutar da ta kama. Ƙofar da ke fitar da gishirin kuloraid da bayikabonet zuwa wannan ruwa ita ake kira CFTR, kuma ƙwayar gadon da ke ƙera ta, wadda aka gano a 1989, ita ce ta samu tawaya. Idan ƙofar ba ta aiki sai ruwan ya ƙafe, majina ta yi kauri ta manne, gashin ya kwanta. Rashin bayikabonet kuma yana ƙara wa ruwan tsami, sinadaran da jiki ke kashe bakteriya da su su yi sanyi. An nuna wannan a 2012 a Jami'ar Iowa ta Amurka, a jariran aladu masu irin wannan tawayar. Sannan can tsakiyar dunƙulen majinar iskar oksijin ba ta isa sosai, kuma wannan zai yi mana amfani nan gaba.

Yawancin ɓarnar da huhu ke sha daga sojojin jiki take fitowa. Fararen ƙwayoyin jini da ake kira nutrofil suna yin dafifi zuwa inda bakteriya take, su zubar da wani sinadari mai narkar da nama, elastes, su mutu a wurin, DNA ɗinsu ya zube cikin majina ya ƙara mata danƙo. Elastes yana cin bangon bututun iska har ya saki, ya buɗe, ya zama aljihun da majina ke kwanciya a ciki. Wannan lalacewar, burankiyektasis, ba ta komawa daidai. Wani bincike da aka yi a Ostireliya aka buga a 2013 ya gano cewa jariran da aka samu elastes a ruwan wankin huhunsu, wato ruwan da ake zubawa cikin huhu a zuƙo don gwaji, suna wata 3 sun fi sauran samun wannan lalacewar kafin su kai shekara 3. Don haka idan likita ya ce wata bakteriya ta fi wata muni, galibi yana nufin ta fi daɗewa tana rura wannan wutar, kuma ta fi wuyar kashewa.

A ƙananan yara Staphylococcus aureus da Haemophilus influenzae ne suka fi fitowa. Staph, wato Staphylococcus, yana kumbura huhu, amma yara da yawa suna ɗauke da shi shekaru numfashinsu na nan lafiya, kamar ɗanki. Har yau masana ba su haɗu a kan yadda za a bi da shi ba: a Birtaniya an daɗe ana bai wa jarirai flucloxacillin kullum har shekara 3 don rigakafi, a Amurka kuwa ba a yarda da ba da irin wannan rigakafin ba, saboda wani gwaji da aka yi da cephalexin ya nuna ƙaruwar Pseudomonas. Pseudomonas shi ne ke ƙaruwa da shekaru, kuma a kansa ya kamata mu daɗe.

Wanda ya shigo wa ɗanki mai yiwuwa daga muhalli ya zo. Yana rayuwa a ruwa mai kwanciya, a magudanar wurin wanke hannu, a ƙasa mai damshi. Ba sakacinki ba ne, babu gidan da za a iya share shi daga ciki tas. A farkon zuwansa ɗai-ɗai yake yawo, adadinsa kaɗan, magani yana kama shi. Idan ya daɗe sai ya sauya hali. Wata ƙwayar gadonsa mai suna mucA ta lalace, ya shiga fitar da wani yauƙi mai kauri da ake kira aljinet, ya lulluɓe kansa a ciki, irin yauƙin nan da ke manne wa cikin tsohon bututun ruwa. A ɗakin gwaji da ido ake ganin bambancin: maimakon ɗigo-ɗigo a kan farantin da ake shafa kaki don bakteriya ta tsiro, sai a ga abu yana sheƙi yana malala, idan aka kifar da farantin har ya ɗiga a murfi. Shi ne ake rubuta kalmar mucoid kusa da sunansa. Ki duba takardarki ko an rubuta ta. Idan babu, labari ne mai daɗi.

Da zarar ya shiga yauƙin nan, nutrofil ba sa iya haɗiye shi, sai dai su yi ta zubar da elastes a bakin ƙofa. Magani ma ƙarfinsa raguwa yake yi. Tobramycin da danginsa suna buƙatar oksijin kafin su kutsa cikin bakteriya, ceftazidime da danginsa kuma sun fi kashe wadda ke cikin hayayyafa, alhali waɗanda ke can ƙasan yauƙin a wuri marar iska suke, kuma kusan barci suke yi. Sai a kashe na sama, na ƙasa su farfaɗo bayan an daina magani. Wani bincike a jihar Wisconsin da ya bi yara tun daga haihuwa, aka buga shi a 2005, ya nuna cewa tari da hoton ƙirji da numfashi sun fi taɓarɓarewa bayan Pseudomonas ya rikiɗe zuwa mai yauƙi, kuma tsakanin shigowarsa da rikiɗewar tasa akan ɗauki shekaru. Wannan tazarar ita ce damar da ake da ita.

Saboda haka sakamako ɗaya ba ya isa a yanke hukunci, tarihin shekara guda ake dubawa. Ma'aunin da aka fi amfani da shi an tsara shi ne a birnin Leeds na Ingila a 2003. Idan fiye da rabin watannin da aka ɗauki samfuri a cikin wata 12 sun nuna Pseudomonas, ya yi kaka-gida. Idan rabi ne ko ƙasa da haka, mai zuwa da tafiya ne. Idan an taɓa ganinsa amma wata 12 suka wuce bai sake fitowa ba, an rabu da shi. Haɗarin da ake ta faɗa, na saurin raguwar numfashi da yawan kwanciya asibiti, na wanda ya yi kaka-gida ne. Ɗanki bai kai nan ba.

Maganin korar farko da aka fi yi shi ne tobramycin na shaƙa, miligiram 300 sau biyu a rana, kwana 28. Gwaje-gwaje sun nuna cewa tsawaita shi zuwa kwana 56 bai ƙara komai ba, haɗa shi da ƙwayar ciprofloxacin ma bai ƙara ba. Wasu cibiyoyi, musamman a Turai, suna ba da colistin na shaƙa na wata 3 tare da ciprofloxacin na sha. Wani gwaji a Birtaniya da aka buga a 2020 ya kwatanta farawa da allurar jijiya ta mako biyu da farawa da maganin sha, kuma allurar ba ta fi ba, don haka yaro mai lafiya kamar naki ba lallai ne a kwantar da shi ba. A galibin bincike, yara 7 zuwa 9 cikin 10 gwajinsu yana fita babu Pseudomonas bayan zagayen farko. Zaɓin magani da adadinsa na likitan yaron ne, amma yadda ake shaƙar a gida a hannunki yake, kuma a nan aka fi samun matsala.

Jerin yana da muhimmanci. A fara da maganin buɗe bututun iska idan an rubuta masa, sai ruwan gishiri mai ƙarfi na kashi 7, galibi mililita 4, ko dornase alfa miligiram 2.5 wanda ke yanyanka DNA ɗin da ke cikin majina, sai bugun ƙirji ko na'urar kaɗa majina har kaki ya fita, a rufe da tobramycin. Idan aka shaƙi tobramycin da farko sannan aka yi bugun ƙirji, an tofar da maganin kenan. A raba shaƙa biyun da kimanin awa 12, kada tazarar ta gaza awa 6. Kada a cakuɗa tobramycin da dornase a kofi ɗaya. Yaro mai shekara 9 da abin sawa a baki zai shaƙa, yana zaune a miƙe, domin da abin rufe fuska hanci yana tare kaso mai yawa na maganin. Shaƙa ɗaya takan ɗauki kusan minti 15 da nebulaiza ta gargajiya, wato na'urar da ke mayar da magani tururi a shaƙa, kuma yara kan gaji su ajiye tun da saura a kofi, sai an zauna da su. Dashewar murya abu ne da aka saba gani. Ƙara a kunne ko shaƙewar ƙirji kuwa a gaya wa likita a ranar.

Bayan an gama, a bar mako ɗaya ko biyu kafin a sake ɗaukar samfuri. Wanda aka ɗauka ana cikin shaƙar magani yana iya fitowa tas alhali ƙwayar tana nan, domin maganin da ke cikin kakin ya hana ta tsirowa a faranti. Idan ya sake fitowa ba a yanke ƙauna, ana maimaita zagayen ko a sauya magani ko a koma allurar jijiya. Dalilan gazawa da aka fi gani su ne tsallake shaƙa, ko ƙwayar ta riga ta zama mai yauƙi kafin a gano ta, ko kuma ta ɓuya a kogunan hanci tana sake gangarowa huhu. Wanda Pseudomonas ya riga ya yi wa kaka-gida, manufar maganinsa takan koma danne ƙwayar: tobramycin kwana 28 a huta kwana 28, ko aztreonam na shaƙa miligiram 75 sau uku a rana, ko colistin, sau da yawa tare da azithromycin sau uku a mako.

Akwai sunayen da suka fi Pseudomonas tayar da hankali idan aka gan su. Dangin Burkholderia cepacia ba a cika ganinsu ba, amma ɗaya daga cikinsu, Burkholderia cenocepacia, yana iya kawo zazzaɓi mai zafi da ruɓewar huhu da shiga jini cikin makonni, yana yaɗuwa tsakanin masu ciwon, kuma cibiyoyin dashen huhu da dama ba sa karɓar mai ɗauke da shi. Ɗan'uwansa Burkholderia multivorans galibi ya fi sauƙi, shi ya sa dole a tantance wanne ne a ɗakin gwaji na ƙwararru. MRSA, wato Staph mai bijire wa magungunan da aka saba, an danganta daɗewarsa a huhu da saurin raguwar numfashi da gajeren rai a bayanan marasa lafiya na Amurka. Sai dangin tarin fuka waɗanda ba tarin fuka ba, musamman Mycobacterium abscessus. Ganinsa sau ɗaya bai tabbatar da cuta ba, sai ya fito a samfurin kaki biyu ko a wankin huhu, tare da alamu da hoton siti sikan. Idan ya tabbata kuwa, magani ne na fiye da shekara, da allurai irin su amikacin masu taɓa ji da ƙoda. Saboda shi ne ake gwada kaki kafin a ɗora mutum a kan azithromycin na dogon lokaci, domin azithromycin shi kaɗai yana koya masa bijirewa. Stenotrophomonas da Achromobacter kuma an fi ganinsu a huhun da ya riga ya sha wuya da magunguna da yawa, kuma ana yi musu hukunci ne da yadda mai ɗauke da su yake.

Yanzu tambayarki ta biyu. Gwajin da aka yi wa ɗanki shuka ce: a shafa kaki a faranti mai abinci, a jira abin da zai tsiro. Abin da aka tanadar wa abinci kaɗai ke tsirowa. Tun farkon shekarun 2000 masu bincike suka koma karanta DNA ɗin da ke cikin kaki kai tsaye, ta wani yanki da duk bakteriya ke da shi mai suna 16S. Sai ga nau'o'i barkatai da shuka ba ta nunawa: Streptococcus, Prevotella, Veillonella, Rothia da sauransu, da yawansu masu rayuwa ba tare da oksijin ba. Kuma abin da kika ji gaskiya ne a matsayin lura. Masu numfashi mai kyau kakinsu yakan ƙunshi nau'o'i da yawa babu wanda ya mamaye. Masu ciwo mai tsanani kuwa nau'i ɗaya, Pseudomonas ko Burkholderia ko makamancinsu, yakan cinye kusan duka. Wani bincike na mutum 299 daga cibiyoyi 13 a Turai da Amurka, da aka buga a 2020, ya ga wannan tsarin: numfashi na raguwa, nau'o'i na raguwa.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Tafiya tare ba ta nuna wane ne ya jawo wani. A Jami'ar Michigan an bi kakin mutum 6 na kusan shekara goma, aka buga a 2012. Waɗanda ciwonsu ke ci gaba nau'o'insu sun ragu, masu sauƙin ciwo nasu na nan, amma jimillar adadin bakteriyar ba ta wani sauya ba, kuma babban abin da ya bayyana raguwar nau'o'in shi ne yawan maganin kashe bakteriya da aka sha. Mai ciwo mai tsanani ya fi shan magani, magani ya share masu rauni, masu taurin kai su gaje filin. Ga kuma matsalar baki: kaki ta baki yake bi, kuma Streptococcus da Prevotella da Veillonella mazauna baki ne. Mai huhu mai kyau kakinsa kaɗan ne, yawu ya rinjaye shi, sai a ga nau'o'i da yawa. Da aka bincika huhun da aka cire lokacin dashe a Seattle, a 2012, nau'i ɗaya zuwa uku ne suka mamaye, alhali samfurin maƙogwaron mutanen ya nuna tarin wasu. Karatun DNA kuma ba ya bambanta matacciyar bakteriya da mai rai, sannan kaso yake bayarwa, don haka idan ɗaya ya ninka sai sauran su zama kamar sun ragu ko da suna nan yadda suke.

Wannan ba ya nufin bakteriyar bakin da ta gangara huhu ba ta da tasiri. A ɗakin gwaji an nuna cewa wasu daga cikin marasa son oksijin suna narkar da majina su samar da abincin da Pseudomonas ke ci, an kuma ga dangin Streptococcus milleri suna mamaye kaki lokacin tashin ciwo a wasu manya. Pseudomonas shi ma yana fitar da sinadaran da ke takura wa Staph har ya koma ƙananan tsiro masu jinkirin girma da wuyar magani. A ganina, yawan nau'o'i alama ce ta huhun da bai sha wuya ba tukuna, kuma a haka ya kamata a karance shi. Babu hujjar da za ta sa a ƙi ba yaro maganin da yake buƙata don a tsare masa nau'o'i, kuma asibitoci ba sa zaɓen magani da karatun DNA a aikin yau da kullum.

Shi kansa gwajin shuka yana da ramukansa. Ana so a yi shi aƙalla duk wata 3, da kuma duk lokacin da tari ya sauya. Yaron da ba ya iya fitar da kaki akan shafi maƙogwaronsa da auduga, amma abin da ke maƙogwaro ba koyaushe yake daidai da na ƙasan huhu ba. Shaƙa masa ruwan gishiri mai ƙarfi a yi bugun ƙirji har kaki ya taso ya fi kama ƙwayoyin cuta, kuma yaro mai shekara 9 zai iya. A kurkure baki da ruwa tukuna, a tabbatar kaki ne mai kauri daga ƙirji. A kai shi da wuri, idan za a jinkirta a sa a firiji, kada a daskarar. Kuma dole a rubuta wa ɗakin gwaji cewa samfurin na mai sistik faibrosis ne, domin akwai farantai na musamman da ake ƙarawa. In ba haka ba Pseudomonas mai yauƙi yana malalewa ya rufe Staph da Haemophilus, Burkholderia kuma da yake yana jinkirin tsirowa sai a zubar da farantin kafin ya fito. Alamomin yawa da ake sawa a takarda, kaɗan ko matsakaici ko mai yawa, kada su ɗauke miki hankali. Ƙiyasi ne da ya dogara da wane ɓangaren kaki aka ɗiba, kuma bincike ya nuna cewa ko a lokacin tashin ciwo adadin bakteriya sau da yawa ba ya wani ƙaruwa.

Tsananin ciwon a jikin yaron ake auna shi. Lambar nan ta 92 ita ce FEV1, iskar da ya furzar a daƙiƙar farko idan aka kwatanta da ta tsaransa masu tsawonsa. Daga 90 zuwa sama daidai ne, 70 zuwa 89 ciwo mai sauƙi, 40 zuwa 69 matsakaici, ƙasa da 40 mai tsanani. Amma ki fi kula da tafiyar lambar. Yaron da ya saba ba da 105 ya dawo 92 ya yi asara babba ko da yake har yanzu yana cikin rukunin lafiya, kuma faɗuwar kashi 10 daga mafi kyawun lambarsa ta baya-bayan nan dalili ne na fara magani. FEV1 kuma yana makara wajen nuna ɓarnar ƙananan bututu, shi ya sa wasu cibiyoyi ke ƙarawa da gwajin LCI, mai auna yadda iska ke rarrabuwa cikin huhu, ko siti sikan. Nauyi ma ma'auni ne: ana so ma'aunin nauyi da tsawon yaro ya kai tsakiyar na tsaransa ko ya wuce, domin ƙarfin huhu yana tafiya tare da gina jiki. Daga shekara 10 kuma ana gwajin sukari duk shekara, saboda ciwon sukarin da ke biyo bayan lalacewar fankiriyas, sashen jikin da ke samar da insulin, yana ja da huhu baya tun kafin alamunsa su fito. Hayaƙin taba, mura da sauran cututtukan bairos, da fumfunar Aspergillus da jiki kan yi wa borin rashin jituwa, duk suna iya saukar da numfashi ba tare da bakteriya ta sauya ba.

Tashin ciwo shi ne abin tsoro na haƙiƙa: tari ya ƙaru, kaki ya yi yawa ko ya sauya launi, yaro ya rage cin abinci, ya rame, ya gaji da wuri, sau da yawa ba tare da zazzaɓi ba. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu da aka yi wa maganin jijiya saboda tashin ciwo ba ya komawa lambarsa ta da, don haka kowane tashi yana iya tafiya da wani abu. Kwana 14 aka saba yi. Wani babban gwaji a manya da aka buga a 2021 ya nuna kwana 10 sun wadatar ga wanda ya farfaɗo da wuri, kwana 21 kuma ba su fi 14 ba ga wanda ya yi jinkiri. Wani abin da kan ruɗa iyaye shi ne jerin magungunan da takarda ke cewa ƙwayar ta bijire musu. A wanda Pseudomonas ya yi wa kaka-gida wannan jerin ba ya hasashen ko zai samu sauƙi, domin a huhu ɗaya akwai zuriyoyi daban-daban, an gwada ɗaya ko biyu ne kawai, a faranti mai iska, ba cikin yauƙi ba. Idan likita ya ci gaba da maganin da takarda ta ce ba ya ci alhali yaro yana samun sauƙi, ba kuskure ya yi ba.

Magungunan gyara ƙofar CFTR sun sauya lissafin ga waɗanda irin tawayarsu ta dace: ivacaftor tun 2012, da haɗin elexacaftor da tezacaftor da ivacaftor tun 2019, wanda ke aiki ga masu tawayar F508del, wadda ta fi kowace yawa. Majina tana saki, adadin Pseudomonas a kaki yana faɗuwa sosai a watannin farko, amma yawancin waɗanda ya riga ya yi wa kaka-gida suna ci gaba da ɗauke da shi. Sun kuma kawo sabuwar matsala: kaki ya ƙafe, samfuri ya yi wuya, sai a ɗauka ƙwayar ta tafi alhali ba a samu abin gwadawa ba ne. Idan ɗanki yana shan su, korar Pseudomonas ba ta faɗi ba. A kuma sani rifampicin, maganin tarin fuka, yana karya ƙarfinsu, ba a haɗa su.

Saura hana dawowa. Masu sistik faibrosis biyu da ba gida ɗaya suke ba kada su kusanci juna ƙasa da mita 2, domin akwai zuriyoyin Pseudomonas da Burkholderia da aka tabbatar sun bi ta mutum zuwa mutum. A gida kuwa abin da ya fi cancantar kulawarki shi ne nebulaizar kanta. Bayan kowace shaƙa a kwance sassanta, a wanke da sabulun wanke kwanuka da ruwa, sannan a kashe ƙwayoyin cuta: a tafasa minti 5 idan kamfanin ya yarda da zafi, ko a sa a na'urar turara kwalbar jarirai, ko a jiƙa a sifirit mai ƙarfin kashi 70 na minti 5 a ɗauraye da ruwan da aka tafasa ya huce. Ruwan famfo kai tsaye ba ya yin ɗaurayar ƙarshe, ruwan tsamin binega kuma ba ya kashe Pseudomonas yadda ake buƙata. Sai a baje sassan a kan tsabtatacciyar takardar goge hannu, nesa da wurin wanke-wanke, su bushe ƙarau kafin a haɗa su. Kofin da aka rufe a jaka da ɗigon ruwa a ciki, kafin shaƙa ta gaba yana iya zama gonar ƙwayar da ake ƙoƙarin kora, kuma kai tsaye cikin huhu za a hura ta.